Takardar Wakalci Da Kwafin Fasfo: Hatimi Nawa Ne Zai Sa A Yarda Da Ɗan Najeriya?

A ranar 7 ga watan Disamba na shekarar 2022 ne ƙasar Saudiyya ta fara aiki da wata tsohuwar yarjejeniya da aka ƙulla a birnin Heg na ƙasar Holan tun ranar 5 ga Oktoba, 1961, wadda ta rage wa jama'a wahalar tantance takardun hukuma idan za a kai su wata ƙasa. Bayan wata goma sha ɗaya cif, ƙasar Sin ta bi sahu, sannan Kanada ta shigo a watan Janairun 2024. Irin wannan labari ba ya tayar da ƙura a majalisun hira, domin babu siyasa a cikinsa, babu kuma rabon muƙami. Amma duk wanda ya san inda mutanenmu ke zuwa neman halaliya, da inda suke saro kaya, da inda suke tura 'ya'yansu karatu, ya san cewa waɗannan ƙasashe uku ba baƙi ba ne a gare mu. Yau ƙasashe fiye da 120 ne ke cikin wannan yarjejeniya, ita kuwa Najeriya, wadda ake yi wa kirari da giwar Afirka, har yanzu tana waje.

Inda zaman wajen nan ya fi cizo shi ne a kan takardar wakalci, wato takardar da mutum ke rubutawa ya ɗora wa wani nauyin yin wani abu a madadinsa saboda shi ba zai iya halarta ba. Likitan da ke aiki a Ingila yana son a sayar masa da fili a Kaduna. Magadan da ke Katsina suna son wani ya karɓo musu haƙƙin mahaifinsu da ya rasu a Jidda. Ɗan kasuwar Kantin Kwari yana son yaronsa ya tsaya masa a gaban banki ko hukuma a Guangzhou. Duk waɗannan buƙatarsu ɗaya ce, kuma galibi ofishin da zai karɓi takardar ba zai dube ta ba sai an haɗa ta da kwafin fasfo ko katin shaidar wanda ya bayar da wakalcin, sau da yawa har da na wakilin, kuma kwafin sai ya ɗauki hatimin lauyan shaida, wanda ake kira notari. Wannan 'yar takarda da ake liƙawa a baya, wadda da yawanmu ke ɗauka cika ƙa'ida ce kawai, a kanta ne al'amarin ya dogara gaba ɗaya, kuma a nan ne ya fi rauni.

Wakalci dai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malamanmu sun karanta babinsa a cikin Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, kuma alƙalai suna aiki da shi a sha'anin ciniki da aure da rabon gado tun kafin zuwan Bature. Abin da ya sauya shi ne sanayya. A da, idan mutum ya wakilta ɗan'uwansa, shaidu da mai unguwa sun san wane ɗan wane ne, sun san fuskarsa da muryarsa da ƙofar gidansu. Yau kuwa ma'aikacin da ke zaune a wani ofishi a Riyad ko Landan bai taɓa ganin mai bayar da wakalcin ba, ba kuma zai gan shi ba. Abin da ke gabansa takarda ce, kuma tambayarsa ita ce: shin mutumin da sunansa ke kan wannan takarda yana raye, shi ne kuma ya sa hannu da yardarsa? Kwafin fasfon nan shi ne ya maye gurbin mai unguwa da shaidunsa.

Bari mu bi hanyar da takardar ke bi idan daga nan gida za ta fita. Matakin farko shi ne gaban notari. A Najeriya ba kowane lauya ne notari ba. Alƙalin Alƙalan ƙasa ne ke naɗa su daga cikin lauyoyi, su yi rantsuwa, a shigar da sunayensu cikin rajistar da ke hannun Babban Magatakardan Kotun Ƙoli. Mai bayar da wakalci zai bayyana a gabansa da ainihin fasfonsa, ya sa hannu a kan idonsa, shi kuma ya gwada kwafin da asalin, ya rubuta cewa sun yi daidai, ya buga hatimi. Daga nan sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, inda sashen shari'a zai tabbatar da takardar bayan an biya kuɗin da aka yanke. Daga nan kuma sai ofishin jakadancin ƙasar da za a kai ta, shi ma ya buga nasa hatimin, ya karɓi nasa kuɗin. Idan ƙasar Larabawa ce, akwai fassara zuwa Larabci, wadda ita ma tana buƙatar tabbaci, kuma a wasu ƙasashen, bayan takardar ta isa, sai ma'aikatar harkokin wajensu ta sake tabbatar da hatimin ofishin jakadancin nasu. Ga mutumin Maiduguri, wannan na nufin tafiyar fiye da kilomita 800 zuwa Abuja, da kuɗin masauki, da zaman jira. In ba haka ba kuwa ya damƙa takardunsa a hannun ɗan kamashon da bai san asalinsa ba.

To amma mene ne duk waɗannan hatimai ke tabbatarwa? A nan ne mutane da dama, har da waɗanda suka yi zurfi a karatun boko, ke ruɗewa. Hatimin ofishin jakadanci yana cewa ne an gane sa hannun jami'in Ma'aikatar Harkokin Waje. Hatimin ma'aikatar kuma yana cewa ne an gane sa hannun wanda ya gabace shi. Babu ɗayansu da ya ce abin da ke cikin takardar gaskiya ne, babu kuma wanda ya ce ya ga mai fasfon. Hatta ita yarjejeniyar Heg ɗin ta fayyace ƙarara cewa shaidarta, wadda ake kira afostil, abin da take tabbatarwa shi ne sahihancin sa hannu, da matsayin wanda ya sa hannun, da hatimin da aka buga, shi ke nan. Ke nan a duk wannan jerin gwano mutum ɗaya tak ne ya haɗa ido da mai takardar, wato notari. Idan shi ya yi sakaci, ya buga hatimi a kan takardar da aka aiko masa ta hannun direba, ko ya gwada kwafi da kwafi maimakon kwafi da asali, to duk hatiman da suka biyo baya ado ne aka yi wa ƙarya. Masu iya magana sun ce tun ran gini tun ran zane.

Ko da notarin mai gaskiya ne kuma mai lura, akwai iyakar abin da zai iya. Zai iya cewa kwafin ya yi daidai da littafin da aka ajiye a gabansa, kuma fuskar da ke hoton ta yi kama da ta wanda ke zaune. Amma ba shi ya buga fasfon ba, don haka ba zai iya rantsuwa cewa daga Hukumar Shige da Fice ya fito ba. Tun shekarar 2007 Najeriya ta koma bayar da fasfo mai ɗauke da 'yar na'urar da ke adana bayanan mai shi, wadda ke da wuyar kwaikwaya ƙwarai. Sai dai amfanin wannan na'ura ba ya bayyana sai an karanta ta, kwafin da aka buga a shagon bakin kotu kuwa ba ya ɗauke da komai nata. Wato mun kashe kuɗi mun yi fasfo na zamani, sannan idan aka zo inda ake sayar da gida ko karɓar gado, sai mu koma dogaro da hotonsa baƙi da fari.

Ga mu 'yan Arewa akwai wata matsala ta daban, wadda ko babu mai niyyar zamba takan sa a dawo da takarda, ita ce matsalar suna. Mutum ɗaya shi ne Muhammad a fasfo, Mohammed a banki, Muhammadu a takardar fili, Mamman kuma a bakin 'yan unguwa. Abubakar shi ne Garba, shi ne Buba. A'isha ita ce Aishatu, ita ce Indo. Tun zamanin makarantun En'e aka saba sa wa yaro sunan garinsu a gurbin sunan mahaifi, shi ya sa tarihinmu ya cika da irin su Shagari da Tafawa Ɓalewa da Kano a matsayin sunan ƙarshe. Mace kuma ta yi karatu da sunan mahaifinta, ta yi fasfo da sunan mijinta. Mu duk mun fahimci wannan, ba ma ganin wani abin mamaki a ciki. Amma ga ma'aikacin Saudiyya da ya saba da jerin suna da na uba da na kaka, ko ma'aikacin bankin Ingila da kwamfutarsa ba ta yafe harafi ɗaya, waɗannan mutane biyu ne daban. Haka abin yake ga ranar haihuwa. Dokar da ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa rajistar haihuwa ta dole ta 1992 ce, saboda haka da yawa daga cikin dattawan da ke da filaye da gidajen da ake wakilci a kansu, takardar rantsuwar shekaru suke riƙe da ita. Idan aka sami saɓani, maganin da aka saba shi ne a sake wata rantsuwar a kotu, a buga sanarwa a jarida. Wato maganar mutum ce dai ake kawowa ta zama shaida a kan maganarsa.

Idan kuma takardar daga waje za ta shigo, wata sabuwar ruɗani ce, domin kalmar notari ba abu ɗaya take nufi a ko'ina ba. A Faransa da maƙwabtanmu irin su Nijar, notari babban jami'in shari'a ne da hukuma ta naɗa, takardar da ya rubuta kuwa tana da ƙarfi na musamman a gaban kotu. A Ingila galibi ƙwararren lauya ne. A Amurka kuwa yawanci ba lauya ba ne ma sam, aikinsa ya shaida sa hannu, kuma kowace jiha da tata doka. A jihar Niyok notari ba shi da ikon tabbatar da kwafin takarda. A Kalifoniya zai iya tabbatar da kwafin takardar wakalci amma ba na fasfo ba. Abin da ake yi a irin waɗannan wurare shi ne mai fasfon ya rubuta rantsuwa cewa kwafin na gaskiya ne, notari ya shaida rantsuwar. Ma'aikacin ofishin filaye a nan gida zai ga hatimi ya ɗauka an duba fasfon an tabbatar da kwafinsa, alhali abin da aka tabbatar shi ne mutumin ya rantse. Bugu da ƙari, tunda Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg, afostil ɗin da ɗan ƙasarmu ya samo a Landan ko Washington bai ɗauke masa zuwa ofishin jakadancin Najeriya ba idan wanda zai karɓi takardar ya nemi hatiminsu. Hanya mafi gajarta ga na waje ita ce ya je ofishin jakadancinmu kai tsaye ya sa hannu a gaban jami'i, domin yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan hulɗar ƙananan jakadu ta ba su ikon yin aikin notari. Sai dai a faɗin Amurka, ban da babban ofishin Washington, mutum sai ya nufi Niyok ko Atlanta.

Me ya sa wannan ya wuce batun wahalar zirga-zirga? Saboda nauyin da dokarmu ta ɗora wa wannan hatimi. Sashe na 150 na Dokar Shaida ta 2011 ya umarci kotu da ta ɗauka cewa duk takardar wakalcin da ta nuna an sa mata hannu an kuma tabbatar da ita a gaban notari, ko alƙali, ko jami'in jakadancin Najeriya, to haka ɗin aka yi. Ana iya rushe wannan zato, amma nauyin kawo hujja yana kan wanda ya ce takardar jabu ce. Mai karatu ya auna abin da wannan ke nufi. Wani ya sami kwafin fasfonka, ya haɗa takardar wakalci da sunanka, ya sami hatimi, ya sayar da filinka kana Kanada kana aikin dare. Ranar da ka dawo, kai ne za ka ɗauki lauya ka tabbatar wa kotu cewa ba kai ka sa hannu ba, wanda ya saya kuwa ya riga ya zuba harsashi. Rubutun nan da muke gani a jikin katanga a Abuja da Legas da Kano, mai cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne, ba don ado aka yi shi ba.

Abin ya ƙara dagulewa ne saboda yadda muka mayar da takardar wakalci tamkar takardar ciniki. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya hana mai takardar mallakar fili ta gwamna ya sayar ko ya jinginar sai da amincewar gwamnan, kuma Kotun Ƙoli ta nuna da gaske ake a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989. Saboda neman wannan amincewa yana cin lokaci da kuɗi, sai jama'a suka ɓullo da dabara: maimakon a rubuta ciniki, sai mai fili ya ba mai saye wakalcin da ba ya warwaruwa. A Abuja musamman, filaye da dama sun yi ta sauya hannu ta wannan hanya. Amma a shari'ar Ude da Nwara a 1993, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa takardar wakalci ba ta mayar da mallaka daga hannu zuwa hannu, izini ne kawai na yin aiki a madadin wani. Ga shi kuma, wakalci na yau da kullum yana faɗuwa da mutuwar wanda ya bayar, a fiƙihu da dokar Bature baki ɗaya, amma wanda aka rubuta ba ya warwaruwa kuma aka karɓi kuɗi a kansa yana iya ci gaba bayan mai shi ya kwanta dama. Mutumin da ke waje ya sa hannu a kan irin wannan don kawai a karɓar masa kuɗin haya, bai san ya ba da wuƙa da nama ba. Idan aka tuna cewa kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje ke aikowa gida ya kai kimanin dala biliyan 20 a shekara a 'yan shekarun nan, kuma sanin kowa ne cewa fili da gini na cikin manyan abubuwan da ake sa shi a kai, za a ga girman dukiyar da ke rataye a jikin wannan siririn zare.

Adalci ne a faɗi cewa an motsa. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Notari wadda ta maye gurbin ta zamanin mulkin mallaka ta 1936, da gyaran Dokar Shaida, da kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a. Sabuwar dokar notari ta halatta hatimi da sa hannu na lantarki, ta ba da damar a yi shaida ta hanyar bidiyo ba tare da an haɗu ido da ido ba, bisa sharaɗin notarin ya yi rajistar wannan aiki a Kotun Ƙoli, ta kuma tanadi a riƙe rajistar notari a kwamfuta. Gyaran Dokar Shaida shi ma ya amince da sa hannun lantarki da rantsuwa ta bidiyo. Ga wanda ke Kanada ko Dubai wannan sauƙi ne babba. Amma kowane sauƙi da nasa farashin. Idan notarin da ke riƙe da fasfo a hannunsa ana iya yaudararsa, ina ga wanda ake ɗaga masa fasfon ta fuskar waya, a zamanin da kwamfuta ke iya ƙirƙirar fuskar mutum da muryarsa? Doka ta buɗe ƙofa, amma amfanin ƙofar ya dogara ne ga yadda za a tabbatar da wanda ke shigowa.

Abin takaici shi ne kayan aikin suna nan. Hukumar NIMC, wadda aka kafa da dokar 2007 bayan abin kunyar kwangilar katin ɗan ƙasa da ya ɓarke a 2003, ta yi wa fiye da mutum miliyan 100 rajistar lambar NIN da hoton fuska da zanen yatsu. Bankuna suna da BVN tun 2014. Banki yana tantance mai buɗe asusu da yatsansa, kamfanin waya ma haka kafin ya ba da layi, amma takardar da za ta iya raba mutum da gidansa, kwafi da kallon ido ake yi mata. Sai dai a nan ma sai an yi taka-tsantsan. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wasu shafukan intanet suna sayar da bayanan NIN na 'yan ƙasa a kan Naira 100, ko da yake hukumar ta musanta cewa an kutsa rumbunta. Darasin da ke ciki shi ne sanin lambar mutum ko mallakar kwafin katinsa ba shaida ba ce ko kaɗan. Shaida ita ce a gwada yatsa ko fuskar wanda ke gabanka da abin da ke rumbun hukuma a daidai lokacin sa hannu.

To, mu shiga yarjejeniyar Heg ke nan a huta? Lallai ya kamata mu shiga. Afirka ta Kudu tana ciki tun 1995, Maroko ta shiga a 2016, Senegal a 2023, Ruwanda a 2024, babu kuma wadda ta rasa 'yancinta saboda haka. Shiga zai cire matakin ofishin jakadanci gaba ɗaya tsakaninmu da ƙasashen da ke ciki: hatimi ɗaya daga hukumar da muka zaɓa ya wadatar a Riyad da Beijin da Landan, nasu ma ya wadatar a nan. Tun 2006 kuma aka ɓullo da tsarin afostil na lantarki, inda mai karɓar takarda zai duba lambarta a intanet ya tabbatar daga inda ta fito. Masu jan ƙafa za su ce ofisoshin jakadancinmu za su rasa kuɗin shiga, amma wannan hujja ce mai rauni idan aka auna ta da abin da 'yan ƙasa ke asara. Hujjar da ta fi nauyi ita ce sashe na 12 na yarjejeniyar ya ba tsofaffin mambobi wata shida su ce ba su amince da sabon shiga ba, kuma idan suka ƙi, yarjejeniyar ba za ta yi aiki tsakaninsu da shi ba. Jamus ta yi amfani da wannan dama a kan Indiya da Maroko. Ita Jamus ɗin kuwa ta daɗe da daina buga wa takardun Najeriya hatimin tantancewa, sai dai ta sa a bi diddiginsu har inda aka ce sun fito, mai takarda ya biya kuɗin binciken. Idan muka shiga ba tare da mun gyara gida ba, za mu iya wayar gari ƙasashen da muka fi buƙata sun juya mana baya, mu tashi ba tsuntsu ba tarko.

Saboda haka aikin daga ƙasa zai fara. Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa duk mai buƙata, ko a ina yake, zai iya duba rajistar notari ya ga sunan wanda ke da izini da wanda aka cire, da samfurin hatiminsa. A wajabta wa notari ya tantance mai bayar da wakalci ta rumbun NIMC, ya rubuta lambar tantancewar a jikin shaidarsa, ya kuma ajiye littafin da ke nuna wanda ya zo da ranar da ya zo. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta ɗauki buga hatimi a bayan idon mai takarda a matsayin laifin da ke raba lauya da rigarsa. Ma'aikatar Harkokin Waje ta kai aikin tantancewa shiyyoyi, domin babu dalilin da zai sa Saudiyya ta iya buɗe ƙaramin ofishin jakadanci a Kano, amma mutumin Kano ya tafi Abuja neman hatimin ƙasarsa. Hukumomin filaye irin su AGIS da KADGIS da KANGIS kuma su ɗauki al'adar tuntuɓar mai fili kai tsaye kafin su yi rajistar duk wani wakalci da aka kawo da sunansa, su kuma buɗe hanya mai sauƙi ta shigar da sanarwar janye wakalci. Idan an yi waɗannan, wakilanmu a Majalisar Tarayya su matsa a miƙa takardar shiga yarjejeniyar, da ƙarfin gwiwar cewa hatiminmu yana da abin da ya tsaya a kai.

Kafin hukuma ta farka, akwai abin da ke hannun kowane ɗayanmu. Kafin ka je wurin notari, tambayi ofishin da zai karɓi takardar irin shaidar da yake so da irin lafazin da yake so, a rubuce, domin shi ne mai hukunci na ƙarshe. Ka daidaita sunanka a fasfo da NIN da takardar kadarar tun kana da lafiya da lokaci, kada ka bar wa magada wannan aiki. Ka je da ainihin fasfon, wanda wa'adinsa bai ƙare ba, a rubuta lambarsa a cikin takardar wakalcin kanta, a kuma ɗinke kwafin da takardar wuri ɗaya a ƙarƙashin hatimi, yadda ba za a iya zare shafi a sa wani ba. Ka rubuta a jikin kwafin dalilin da aka yi shi da kwanan wata, don kada ya yi wani aikin a bayanka. Ka taƙaita wakalcin a kan aiki ɗaya da kadara ɗaya da wa'adi sananne, kuma ka guji kalmar da ke cewa ba ya warwaruwa sai idan da gaske sayarwa ka yi. Idan mai bayarwar dattijo ne ko dattijuwa da ba ta karanta Turanci, a karanta mata da Hausa, a rubuta a jikin takardar cewa an yi haka da sunan wanda ya fassara. Ranar da aikin ya ƙare kuma, ka janye wakalcin a rubuce, ka sanar da duk inda aka kai shi. Wannan ba rashin yarda da ɗan'uwa ba ne. Shari'u da yawa da suka raba zumunci, da an rubuta iyaka tun farko da ba a je gaban alƙali ba.

Ƙasashen duniya ba yawan hatimi suke nema daga gare mu ba. Tara hatimai alama ce ta cewa ba a yarda da na farkon ba, kuma kuɗin wannan rashin yarda talakan da bai taɓa yin jabun komai ba ne ke biyansa, da kuɗin mota da kwanan tasha da gadon da ya maƙale a wata ƙasa shekara da shekaru. Ranar da notarin Gusau ko Yola zai buga hatimi, ma'aikacin Jidda ya duba lamba ya gamsu, ranar ce za mu san cewa gyaran ya kai inda ake so. Dokokin suna nan tun 2023, rumbun bayanan yana nan, saura a haɗa su. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace.